Hantar da ke tsirowa a jikin bishiya

Watana uku a Ingila na samu aikin leburanci wurin wani dattijo mai gyaran bishiyoyi a kudancin Landan. Ni da na tashi a Katsina, abin da na sani yana cinye ice ta ciki gara ce. Nan kuwa ban taɓa ganin gara ba, sai danshi da dangin laimar kwaɗi.

Wata safiyar Satumba maigidan ya tsayar da ni gindin wani tsohon itacen oak. Ga wani jan abu manne a jikinsa, sak hantar sa a teburin mahauci. Na latsa, jan ruwa ya biyo yatsana. Na yi baya ina a'uziyya, shi kuwa dariya har da tari. Wai wata irin laimar kwaɗi ce mai suna Fistulina hepatica, kuma ba ta tayar masa da hankali. Sannu take aikinta, tana rina zuciyar katako ta koma ruwan ƙasa, launin da kafintocinsu ke saye da tsada.

Mai sa shi tsuke baki ita ce rawayar nan da ke fitowa hawa-hawa, wadda Turawa ke kira kazar daji. Na ce to, mu ma ai naman kaza muke cewa, ashe ba mu kaɗai ba ne. Ita takan mayar da cikin itace gutsi-gutsi, yana marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli, alhali ganye na nan kore shar. Akwai kuma wadda ke zama can ƙasa tana tsattsafo da ɗigo kamar zuma. Ita saiwa take ci, don haka kafin launi, wurin da abu ya tsiro nake fara dubawa. Sai in ɗauki gudumar roba in ƙwanƙwasa, in saurari ko akwai kogo.

Ranar hutu na je Richmond Park, wani babban filin shaƙatawa mai bishiyoyi a Landan, na tarar da manyan kututtura zube, an bar su da gangan su ruɓe saboda ƙwari. Tsinkar naman kaza ma an hana. Da dare na ba Inna labari a waya. Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ice a yashe ba mai ɗauka? To su da me suke girki?"