Salwar da ta fasa kai a rufin keji

Yawancin salwar da ake kawo min a ce ba ta da lafiya, ba wata cuta ce ta kama ta ba. Ko keji ne ya ji mata ciwo, ko yunwa, ko 'yan uwanta. Shi ya sa kafin in taɓa tsuntsuwar nakan tambayi mai ita: ina take kwana, me take ci, maza nawa ne a cikinsu? Ni ba likitar dabbobi ba ce. Kiwo nake yi a bayan ɗaki a nan Zariya, har maƙwabta suka saba idan tasu ta jikkata sai su aiko yaro da ita a kwali.

Salwar da muke kiwo 'yar asalin Japan ce. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ce ta shigo da ita Najeriya a 1992. Tana da saurin amfani: ƙwanta kan ƙyanƙyashe a kwana 17 zuwa 18, macen kuma ta fara saka ƙwai tana da mako shida ko bakwai. Da aka yi yayin ƙwan salwa, ana ta cewa yana maganin hawan jini da ciwon suga da asma, sai kowa ya ruga ya saya. Kasuwa ta faɗi, sha'awa ta mutu, aka bar tsuntsayen a kejin da aka ƙera domin kaji, a lungun da ba mai leƙawa.

Irin su na tarar a gidan wata dattijuwa a layinmu. Na jikanta ne, ya tafi makarantar kwana ya bar mata. Na ce, "Hajiya, waɗannan bayin Allah suna shan wuya fa." Ta ce, "'Yar nan, kwashe su don Allah. Ni dai dusa nake watsa musu, ban san kansu ba." Matan duk ƙeyarsu a tuje take, kashi ya daskare a yatsunsu ya zama dunƙule, ruwan gwangwaninsu ya yi kore. Guda ɗaya fatar kanta ta yage, ana hango ƙashi. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Wannan ciwon kan shi ne na fi gani, kuma sanadinsa biyu ne. Salwa idan ta firgita sama take zabura, a miƙe, da dukan ƙarfinta. Kyanwa ta gifta, ko yaro ya daki keji, ko a tada janareta, shi ke nan ta daki rufi. Kejin da tsayinsa ya kai gwiwa ko ƙugu shi ya fi haɗari, domin yana ba ta filin da za ta ɗauki gudu kafin ta bugu. Ko dai a yi shi gajere, kamar santimita 20 zuwa 25, a liƙa soso ko buhu ta cikin rufin, ko kuma ya wuce tsayin mutum. Na biyu kuwa yawan maza ne. Namiji yakan cafki gashin ƙeyar mace idan zai yi barbara, in sun yi yawa sai su yi ta bin mace ɗaya har su tsage ta, su kuma riƙa faɗa da juna suna neman ido. Namiji ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. Da zarar jini ya fito, sauran za su taru su yi ta saran wurin, kuma ba sa dainawa da kansu.

Don haka abu na farko shi ne a ware ta. Kwali mai huji-huji, a shimfiɗa tsohon zane, a ajiye inda ba hayaniya kuma ba haske sosai. Nakan bar ta ta huce tukuna, domin tsuntsuwar da ke cikin firgici kan iya mutuwa a hannunka tun ba ka gama wanke ciwon ba. Kada a ɗura mata ruwa a baki, zai iya bin hanyar numfashi ta shaƙe. A tsoma bakin nata kaɗan a murfin kwalba, ita za ta haɗiya da kanta.

Ciwon kuwa da tafasasshen ruwa nake wankewa bayan ya huce, da ƙaramin cokalin gishiri a rabin lita. Sai in shafa jibi, shuɗin maganin nan na kemis, wanda ke busar da ciwo ya kuma ɓoye jan da ke jawo sara. Baƙin mai da kananzir da wasu ke zubawa ƙona nama suke yi, ina roƙo a bari. Da damina a rufe kwalin da yankin gidan sauro, in ba haka ba ƙuda zai yi ƙwai a ciwon ya yi tsutsa. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne yadda fatar ke haɗowa daga gefe-gefe, cikin mako biyu zuwa uku ta rufe ƙashin. Waccan ta gidan Hajiya ta warke sarai, gashin ne kawai bai dawo ba.

Ƙafa haƙuri take so. Kashin da ya daskare a yatsa, in ka fizge shi zai taho da farce, wani lokacin har da yatsan. A jiƙa a ruwan ɗumi har ya saki. Sannan a raba su da tsayuwa kan tsagwaron waya mai kaifi, a zuba musu ɓuntun shinkafa busasshe, ana canzawa.

Maganar abinci ita ce inda nake yawan samun gardama, domin mutane na ganin tsuntsu ai gero ya ishe shi. Salwa mai nauyin giram 150 tana saka ƙwai mai giram 10 kusan kullum. Kwatankwacin macen da ke da kilo 60 ta riƙa haihuwar jariri mai kilo 4 kowace safiya ke nan. Dusa ba za ta riƙe wannan jikin ba. Mai ƙwai tana buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 20 cikin 100, 'yan tsaki kuma fiye da haka. Nakan ƙara musu garin waken suya da aka soya da garin busasshen kifi, in kuma tafasa ɓawon ƙwai, in shanya, in daka, in sa musu a kwano daban. In ka ga mace ta kumbura gashi, ta sauke bindi tana ta yunƙuri, ƙwai ne ya maƙale. A sa ta wuri mai ɗumi, a ba ta garin ɓawon, kada a matsa cikin, domin in ya fashe a ciki da wuya ta tashi.

Na kuma sa musu faranti da rairayi da 'yar toka. Waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba, nan take suka faɗa ciki suna birgima suna watsa shi ko'ina. Wankansu ke nan, yana kuma rage musu ƙwarƙwata.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. In suka fara mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, ko zawo ya game su, a nemi likitan dabbobi maza-maza, kada a ci, kada a kai kasuwa. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya ne a 2006 a nan jihar Kaduna, kuma tana dawowa lokaci-lokaci. Kafson da ake ɓarewa a ruwan sha ba tare da an san cutar ba, ba na goyon bayansa, ga shi maganin yana fita a cikin ƙwan da yara za su ci. Wadda kuma ta karya wuya ko baya, ta kasa tsayuwa ta kasa ci, ba na barin ta ta yi ta wahala. Nakan sa a wasa wuƙa sosai, a yi bismilla a yanka.

Wadda ta warke ba na mayar da ita sai ɓawon ciwon ya faɗi da kansa, kuma da daddare nake sa ta, in tsaya da safe in ga yadda suka karɓe ta. Na gidan Hajiya, kafinta ya rage tsayin kejin, mazan da suka yi yawa aka yi farfesu da su, matan kuma sun koma saka ƙwai. Jikan nata ya dawo hutu ya ce yana son abinsa, na ce ya fara zuwa nan kullum da yamma ya koyi wanke mazubin ruwa tukuna.