Memorin da ban duba ba

Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara shida a sashen kwamfuta na jami'a. Har yau abin da ke tsaye mini a rai kwamfutar hannun wata malama ce, wato tablet.

A 2023, da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta ƙasa, sai hukumar makaranta ta ce duk waya ko kwamfutar hannun da ake aikin jami'a da ita sai an kulle bayananta. Ni aka ɗora wa. Na ɗauka aikin banza ne, don iPhone tun 2014 da kanta take rikiɗa abin da ke cikinta muddin akwai lambar sirri, wayar da ta fito da Android 10 zuwa sama ma a haka take zuwa. Sai in duba, in sa mutum ya canza 1234 ɗinsa, in yi alama a fom. Ta malamar ma na yi mata alama. Ban leƙa gefe na ga akwai memori ba.

Bayan wata biyu ta manta jakarta a adaidaita sahu. Har da bugun ƙirji na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ko kasuwar 'yan waya suka kai ta ba mai buɗewa." Ashe tambayoyin jarrabawar 'yan aji uku a memorin suke, shi kuwa ba ya kulluwa sai an shiga an kulle shi daban. Wanda ya tsinta bai ma wahalar da kansa da lambar ba, allura ya sa ya zaro katin. Saura kwana huɗu jarrabawa, tambayoyi na yawo a WhatsApp.

A gaban kwamiti oga ya ce shi bai taɓa ganin fom ɗin ba. Shi ya tsara shi, babu layin memori a ciki, ga sa hannunsa a ƙasan kowane shafi. Ni na sha takardar tuhuma. Ban musa laifina ba, amma ba ni kaɗai na ci ba.

Kai da za ka gaje ni, kome oga ya faɗa da baki, ka nemi ya rubuta. Ka gaya wa malamai memorin da aka kulle ba ya buɗuwa a wata waya, in aka yi filashin kuma ya tafi ke nan. Furofesoshi za su ce lambar sirri mai lamba shida ta yi yawa. Kada ka sassauta. Allurar tana aljihun tebur na hagu.