Sa katin minti biyar ne, direba ne aikin

Shagona yana Samaru, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban ABU ne masu laftof na gwanjo, HP da Dell da ThinkPad waɗanda suka haura shekara goma. Kukansu ɗaya ne: Wi-Fi yana ta yankewa, ko abokin ɗaki yana ganin layin Wi-Fi na 5GHz su ba sa gani. Tsohon katin Wi-Fi da ke cikin laftof ɗin, layin 2.4GHz kaɗai yake ji. Sai a cire shi a sa irin Intel 7260, in ramin mini PCIe ne.

Sa katin ba wani abu ba ne. Noti ɗaya, sai wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, masu kai kamar ƙwayar gero. Ka danna a karkace kan ya fice, ka jawo wa kanka. Bayan an kunna kwamfuta ne ake gane ma'aikaci. Windows bai san baƙon ba, kuma ba intanet balle ya nemo direba (manhajar da ke sa katin ya yi aiki) da kansa, tunda katin da zai kai shi can shi ne bai tashi ba. A Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke cikin kwamfuta, sai ka tarar da 'yar alama rawaya da Network Controller, shi ke nan.

Nan nake tuna maigidana da ya koya mini aiki a PZ, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa yarda da takardar da ke manne a jikin kati ba. Sai ya sa in buɗe Hardware Ids, inda lambar kamfanin da ya ƙera katin take fitowa, in karanto masa da baki: 8086 Intel, 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 Broadcom. Na sha ranƙwashi a kan lambobin nan, yau ko daga barci aka tashe ni zan kawo su. Sun kuwa fisshe ni. Bara wani dillali ya aiko mini da katuna masu tambarin Intel, na sa ɗaya na duba, sai ga 10EC. Har yanzu yana ce mini kuskuren yaransa ne.

In na tabbatar da katin, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi nake sauke direba, a wata kwamfutar, in zuba a filashi. In goge tsohon direba, in duba ko Windows ɗin 32-bit ne ko 64-bit, sannan in nuna masa fayil ɗin direban mai ƙarewa da .inf da hannuna. Bluetooth kuma nasa daban ne, don ta layin USB yake bi. Da yawa suna mantawa da shi. Wasu tsofaffin ThinkPad ma ba sa karɓar katin da ba na gidansu ba, su tsaya cak suna nuna kuskure mai lamba 1802. Wannan tun kafin in taɓa noti nake faɗa wa mai kaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da suka buɗe shago jiya. Manhaja ɗaya suka sani, mai zuba direbobi barkatai, su danna su koma kallon waya. Kwana biyu allo ya yi shuɗi, a kwaso a kawo mini, in fara da kwashe sharar da suka zuba.

Sannan a zo biya. Shekaranjiya wata ɗaliba ta tsaya a kaina har na gama, ta ga layin 5GHz ya fito, ta yi murna, sai ta ce, "Haba Malam, noti ɗaya fa na ga ka kwance." Na miƙa mata sukundireba na ce ga wata can tana jira, bisimilla. Ta yi dariya ta biya, amma sai da ta rage ɗari biyar.