Asabar ɗin taro, da kalmar da ta biyo ni gida

Yanzu sha ɗaya ta wuce, tun tara muka dawo amma har yanzu katin sunana na rataye a wuyana, zama kawai na yi a bakin gado ina kallon jaka. Kamata ya yi a ce murna nake, na gabatar da takardata, murya ba ta yi rawa ba sai a farko-farko, amma wata 'yar tambaya ta maƙale min a maƙoshi kamar ƙayar kifi.

Biyar da rabi na asuba muka haɗu a bakin sashe, mu bakwai da Farfesa, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne. Ita ta ja motar da kanta, awa uku cur, ba abin gani sai gonaki da ba a shuka ba tukuna. Dogo na kujerar baya yana ta maimaita takardarsa a kan yaƙin basasar Amurka, kafin mu isa ni ma na haddace Gettysburg da 1863 ba da son raina ba.

Umma fa har yau ba ta gama yarda da sunan ƙungiyar nan ba. Jiya da na ce mata gobe za mu taron Phi Alpha Theta na shiyyarmu sai ta yi shiru, can ta ce, "Uwata, ba dai irin ƙungiyoyin asirin nan na jami'a ba ne ko?" Karo na uku ke nan ina mata bayani wallahi. Na ce Umma haruffan Girkanci ne kawai, haka suke sa wa ƙungiyoyin ɗalibai suna a nan Amurka, wannan ta masu karatun tarihi ce waɗanda makinsu ya kai, sai ka yi kwas huɗu na tarihi kuma makinka a cikinsu ya kai 3.1 kafin a ɗauke ka, wani malami Nels Cleven ne ya kafa ta a Jami'ar Arkansas tun 1921, har mujalla gare su, The Historian. Ta ce to Allah ya tsare, amma dai ban da zuwa taron dare. Na ce to Umma.

Zamanmu na goma da rabi ne, a wani ɗan aji mai allo fari, mutum bai fi sha biyar ba, rabi ma abokan masu gabatarwa ne. Mu uku, kowa minti sha biyar, an haɗa mu ne wai duk mulkin mallaka muke magana a kai, ɗaya Indiya, ɗaya Aljeriya, sai ni. Na bi abin daki-daki yadda muka yi atisaye da Farfesa: Kano ta faɗi 3 ga Fabrairun 1903 Sarki Alu ba ya gari, Sakkwato 15 ga Maris a filin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas jama'a na ta bin sa gari-gari, Waziri Buhari ya tsaya ya yi sulhu da Lugga har ya rubuta wa malamai dalilinsa na tsayawa, sai Burmi 27 ga Yuli inda aka kashe Attahiru, a ɓangaren Turawa ma Manjo Marsh ya mutu a nan. Ina isowa kan ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da ragowar mutanen da suka ci gaba har Sudan suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wato daidai wurin da na fi so, sai shugaban zaman ya ɗago min kati, saura minti biyu. Na haɗiye shafi guda da rabi. Ba wannan ne ya dame ni ba ma.

Malamin da aka sa ya yi sharhi mutumin kirki ne, ya yaba, ya ce in ƙara taswira, ya kira Attahiru da wani irin lafazi da ban taɓa ji ba amma na yafe masa. Aka buɗe tambayoyi. Wata yarinya a layin ƙarshe, ba za ta wuce 'yar aji biyu ba, da gani ma rakiya ta yo, ta ɗaga hannu a ɗarare ta ce ita ba ta san komai a kan wannan tarihin ba, amma ta ji ina ta cewa mutanen sun gudu, sun gudu, to su da suka tafi ɗin, me suka kira abin da suka yi?

Na buɗe baki na ce hijira. Ba tunani ma, kalmar ce ta fito da kanta. Na yi bayani cewa a wurinsu barin ƙasar da ta faɗa hannun waɗanda ba Musulmi ba ibada ce, koyi ne da Annabi (SAW), kuma Shehu Ɗanfodiyo da kansa ya yi tasa daga Degel zuwa Gudu a 1804, shekara ɗari ba ɗaya kafin nan, ga kuma Makka a gabas ɗin da suka nufa. Ta gyaɗa kai ta rubuta, aka wuce kan mai Aljeriya. Shi ke nan fa, minti ɗaya bai cika ba. Amma ni ina zaune kunnuwana sun ɗau zafi, don na san a shafi sha biyun nan da na kwashe wata huɗu ina rubutawa, kalmar Turancin nan mai nufin gudu ita na yi ta sakawa, kuma na san inda na tsinto ta, cikin rahotannin hafsoshin da suka bi su da bindiga ne, na karanta su har sun zauna min a baki ban sani ba. Hijira sau ɗaya ta fito, a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa.

Abin da ya fi ci min rai Inna ce, Allah ya ji ƙanta. Sau nawa ta zaunar da mu a tsakar gida tana ba mu labarin ƙanen kakanta da ya bi Sarkin Musulmi bai dawo ba, ta ce ya bar hatsi a rumbu da akuyoyi a turke, ko waiwaye bai yi ba. Ban taɓa jin ta ce ya gudu ba, ko sau ɗaya. "Ya yi gabas," haka take cewa, tana ɗan ɗaga haɓa. Da tana raye ta ji abin da na karanta yau da cewa za ta yi, kishiya, kin je ƙasar Nasara kin mayar min da kaka matsoraci. Kuma saboda labarin nan nata na zaɓi batun tun farko!

Abincin rana, burodi da ganye, don ban yarda da naman ba. Baƙon da ya yi jawabi ya yi magana a kan titin jirgin ƙasa, ban ji rabi ba. Aka raba kyaututtukan takardun da suka fi kyau, Dogo ya samu ta biyu a ɓangarensa, mun yi masa tafi har ya ji kunya. Ni ban samu ba kuma wallahi sai na ji wani sauƙi-sauƙi.

Azahar a wani aji da ba kowa, na shimfiɗa mayafi tsakanin kujeru.

A mota na gaya wa Farfesa zan bi takardar in canja duk inda na ce gudu in sa hijira. Ta yi shiru tana kallon titi, can ta ce in yi a hankali, ta tambaye ni ko duk wanda ya bar gida a shekarar nan hijira ya yi. Haushi ya kama ni don na san gaskiyarta. A cikin ruɗanin nan bayi da yawa sun bar gonakin iyayen gijinsu sun kama gabansu, wasu sun nufi garuruwan da aka kamo su, waɗannan ba Attahiru suka bi ba, kuma in ka ce sun gudu ba ka zage su ba, ƙila ma su da bakinsu haka za su ce suna alfahari. Akwai kuma talakan da ya ga kowa na ɗaure kaya shi ma ya ɗaure don tsoro. Inna ba ta taɓa ba mu labarin waɗannan ba, kuma gidansu Inna akwai bayi, wannan ma na sani, ban dai taɓa haɗa biyun a kaina ba sai yau a kan babban titi muna cin gyaɗar Dogo.

Na tura wa Kawu saƙon murya muna hanya, na ce Kawu don Allah in ka tashi ka tuna min sunan garin da Inna ke cewa an yi wa mutumin nan ganin ƙarshe, kuma shi kaɗai ya tafi ko da mutanen gidan. Ta biyun nake so in ji amma na sa ta a ƙarshe kamar ba komai ba. Can gida yanzu asuba ta kusa, bai buɗe ba tukuna.

Na kunna kwamfuta na sa ta ƙirga min kalmar. Sau goma sha tara. Na canja guda huɗu da na tabbata da su, na tsaya a ta biyar. Ga wanki gobe, ga jarrabawar Talata ko buɗe littafin ban yi ba, kuma na manta laimata a ajin da na yi salla.