Abin da falle-fallen alminiyam suka koya mini game da haɗewar cibiyoyin zarra

Na fara wannan nazari da hoto guda a kaina: a harba cibiyar oksijin-16 kan tabiyam-159, su narke su zama tantalam-175, shi kuma ya huce ta hanyar zubar da nutron ko firoton ko ƙwayar alfa (wato cibiyar heliyam). Wannan ita ce cikakkiyar haɗewa, ita ce kuma manhajojin lissafi irin su PACE suke hasashe. Amma tun a 1961 masana kimiyya Britt da Quinton suka ga ƙwayoyin alfa suna wucewa gaba da gudu sa'ad da suka harba kabon da naitirojin da oksijin kan zinariya da bismut. Harsashin, wato cibiyar da aka harba, shi ne yake tsagewa kafin ya shige. Oksijin-16 yakan rabu gida biyu, kabon-12 da alfa, sai kabon ya haɗe da tabiyam ya ba da lutetiyam-171, alfa kuwa ta ci gaba da tafiyarta kamar ba abin da ya faru. Wannan ita ce haɗewar da ba ta cika ba.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Da na auna lutetiyam-170, wanda lutetiyam-171 yake bayarwa bayan fitar nutron ɗaya, na ga ya zarce hasashen manhaja nesa ba kusa ba, nan take na rubuta cewa na kama haɗewar da ba ta cika ba. Malamina ya dubi jadawalin, ya tambaye ni awa nawa suka wuce tsakanin harbi da awo. A nan na gane inda na yi tuntuɓe. Tantalam-170, wanda cikakkiyar haɗewa take samarwa bayan fitar nutron biyar, yana rikiɗewa cikin 'yan mintoci zuwa hafniyam-170, shi kuma hafniyam, mai rabin rayuwa (lokacin da rabinsa yake rikiɗewa) na kusan awa 16, yana komawa lutetiyam-170. Ashe kaso mai yawa na abin da na ƙirga gado ne daga waɗannan magabata, kuma sai an cire shi kafin a san abin da ya rage.

Shaidar da na fi amincewa da ita daga baya ita ce zurfin nutsewa. Akan jera siraran falle-fallen alminiyam a bayan abin da ake harba wa, sannan a kai kowane falle gaban na'urar jamaniyam a ƙirga hasken gama da yake fitarwa. Cibiyar da ta haɗiye harsashi gaba ɗaya ta karɓi dukkan ƙarfin turawarsa, don haka takan nutsa can ciki. Wadda ta haɗiye kabon-12 kaɗai ta sami kusan kashi uku cikin huɗu, sai ta tsaya kafin nan, wadda kuwa alfa kawai ta samu ba ta nisa. Falle-fallen suna da laushi ƙwarai, da ɗan hantsaki ake ɗaga su ana riƙe numfashi, kuma idan aka rikita jerinsu aikin kwanaki ya lalace. Ranar da na ga tudu biyu sun fito a zanen cibiya guda, ɗaya a zurfi ɗaya a kusa, na ji nauyin abin fiye da duk karatun da na yi a baya.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin kuzarin da ake ganin wannan abu. Tsarin lissafin masanin kimiyya Wilczyński na 1980 ya dace da harbi mai kuzari sosai, amma a tsakanin MeV (ma'aunin kuzari) 4 zuwa 7 ga kowane nukiliyon (wato firoton ko nutron), inda ya yi hasashen abu kaɗan, awo yana nuna tsagewar harsashi a fili.