Fatin Halowin ɗina na farko: kabewa, waina da zoɓo

Shekarata huɗu a Kolombos ta jihar Ohayo, kuma duk ranar da yara za su fito yawon alawa abin da nake yi shi ne in kashe fitilar ƙofar gida in ja labule, don a nan idan fitilarki a kashe take yara sun san ba a yi da ke, wucewa kawai suke. To bara autata ta tsaya jikin taga tana leƙen 'yan ajinsu suna wucewa da bokitansu, ba ta ce uffan ba amma ni na ga idonta, a daren na ce wa Abbansu baɗi in Allah ya kai mu zan tara musu ƙawayensu a gidan nan, amma bisa sharaɗina. Bana kuwa mun yi.

Na san akwai 'yan uwa da ba sa kusantar abin sam, malamai da yawa sun hana, ina girmama hakan kuma ban zo in ce kowa ya yi ba. Asalinsa bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sikotland na dā, suna ganin a daren matattu na kusantar masu rai, daga baya coci ta sa 1 ga Nuwamba ranar tunawa da waliyyai, daren jajibirinta 31 ga Oktoba ya zama Halowin, kuma 'yan Ailan da yunwar dankali ta koro tun daga 1845 su suka yaɗa shi a Amurka. Shi ya sa ni na ja layi, ba ƙwarangwal a gidana, ba kabarin roba a tsakar gida, ba fatalwa. Mutuwa ba abin ado ba ce a wajena. Na ɗauki ɓangaren kakar na bar sauran.

Kuma wallahi ɓangaren kakar ma ya isa ado. Mun je Sakilbil, wani ƙaramin gari kudu da mu da suke bikin kabewa tun 1903, za ki ga kabewa ɗaya da sai an sa inji ake ɗaga ta, a hanyar dawowa muka tsaya wata gona muka sayi manya uku da ƙanana da yawa da damin karan masara biyu. Da na jingina karan nan a bakin ƙofa sai da zuciyata ta tafi gida, kamar lokacin da ake yankan dawa.

Fafe kabewa kamar fafe duma ne, sai dai ta fi laushi. Ki yanka ta ƙasa maimakon ta sama, ki kwashe cikin da babban cokali, sai ki kifa ta a kan fitila. Kyandir na batir za ki saya don Allah, yara da dogayen kaya suna guje-guje ba a haɗa su da wuta. Kuskuren da na yi na fafe guda ɗaya tun saura sati, kafin ranar ta yi laushi ta fara fumfuna ga kurege ya cinye gefe guda, kwana biyu kafin fatin shi ne daidai. Ƙananan yara kar a ba su wuƙa, fenti da alƙalamin zane na ba su kowa ya zana tasa, wannan ma shi ya cinye rabin lokacin fatin, ba su nemi wani wasa ba. Sauran adon, jemagun baƙin kwali da muka yanka muka manna a bango, da busasshen ganye ja da ruwan ɗorawa da muka tsinto a waje. Yanar gizo-gizon roba ban sa a waje ba, tsuntsaye na maƙalewa a ciki.

Abinci shi ne inda na fi zuba hankali. Tunda ranar kabewa ce ai babu abin da ya dace irin miyar taushe, amma ba da wadda aka fafe ba, waccan ruwa ce da zare-zare ba ta da ɗanɗano, ƙananan nan masu zaƙi da suke yin fai (wani gashin fulawa mai zaƙi) da su za ki nema. Na soya waina ƙanana-ƙanana yadda yaro zai ɗauka da hannu, maƙwabciyata wata dattijuwa sai da ta ƙara sau biyu tana tambaya wai da me aka yi, na ce shinkafa ce, ta kasa yarda. Zoɓo na zuba shi a babban kwanon gilas da citta da kanumfari, jan nan nasa kaɗai ya burge su. Sai lemon tanjirin da na ɓare na soka ɗan guntun karan seleri (wani koren kayan lambu) a sama ya koma kamar 'yar kabewa, da cincin, da 'ya'yan kabewar da na wanke na barbaɗa gishiri na gasa a obin.

Gyaɗa fa, ku ji ni da kyau. A nan akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da ita, ɗan kaɗan ya isa ya kai su asibiti, miyar taushenmu da gyaɗa ake yi, yajin tsire kuwa ƙuliƙuli ne a ciki. Na tambayi iyaye tun a katin gayyata, aka samu yaro ɗaya, don haka na cire ta gaba ɗaya daga girkin ranar, miyar ta yi kauri da kabewarta. Sai alawa, masu danƙon nan da mashmalo (wata alawa mai laushi kamar soso) yawanci da jelatin ake yi, wato sinadarin danƙo daga fata da ƙashin dabba, kuma a nan galibi na alade ne, ki juya leda ki karanta kafin ki saya. Na bakin ƙofa kuma sai wadda take rufe daga kamfani, iyaye zubar da ta gida suke idan ba su san ki ba. Na ajiye kwano daban na sitika da fensir don yaran da ba kowace alawa suke ci ba.

Ƙarfe shida zuwa takwas aka buɗe yawon, na kunna fitilar ƙofa karo na farko. Da na ga sun jero da kayan wasansu, wannan likita wannan zaki, suna ƙwanƙwasa gida-gida ana ba su, tashe ne ya faɗo min a rai, yadda muke fita bayan goma ga azumi ana sa wa yaro gemun auduga. Washegari na tura wa Hajiyarmu hoton autar cikin shigar ma'aikaciyar jinya, ta kira tana tambaya ko na tuna sa yakuwa a miyar.