Hawan jinin Inna da maganar ƙona jijiyar ƙoda

Tun bayan ƙaramar salla nake son rubuta wannan amma hidimar gida da ta makaranta ba su bar ni ba. Maganar hawan jinin Innarmu ce, da wani aiki da saura kaɗan ya sa mu sayar da filin da Baba ya bari a hanyar Dukku.

Inna ta fi shekara goma tana shan maganin hawan jini, kala uku ma kuwa, akwai amlodifin wanda ke kumbura mata ƙafa, akwai lisinofril, sai ƙaramin nan mai sa fitsari. Amma duk ranar da muka je ganin likita aka ɗaura mata abin awo sai ka ga 175 a kan 100, wata rana har 180, ta dawo gida tana dafe ƙeya. Ƙarshe dai aka ce mana jinin nata irin wanda ya ƙi jin magani ne. Ma'anar hakan a wajen likitoci ita ce mutum na shan magani kala uku, ɗaya daga ciki mai sa fitsari, kowanne an kai shi iya ƙarfin da jiki zai ɗauka, amma awo ya ƙi sauka ƙasa da 140 a kan 90.

Ana nan sai Hamma da ke Abuja ya turo bidiyo a guruf ɗin gida na WhatsApp, wajen sha ɗayan dare, ya bi shi da saƙon murya: "Adda, ku saurara da kyau, an samu mafita, a Indiya ake yi, jijiyar ƙoda ake ƙonawa shi ke nan Inna ta rabu da ƙwaya har abada." Kafin asuba Adda har ta fara lissafin fasfo da biza. Ni kam kalmar ƙonawar ce ta tsaya min a rai, ƙodar da ake lallaɓawa ita za a kai wa wuta?

Sai na kira ɗan Goggo wanda likita ne, na hana shi sakat kusan sati biyu, ni ma na yi ta karance-karance. Abu na farko da ya warware min, mu a Hausa komai jijiya muke ce masa, alhali iri biyu ne a nan. Akwai jijiyar jini, wato bututun da ke kai wa ƙoda jini, akwai kuma wasu siraran jijiyoyin saƙo da suka nannaɗe bututun ta waje kamar yadda yaɗon kabewa ke bin dangar kara. Su ne wayar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoda, in suka cika zaƙewa sai ƙoda ta riƙa riƙe gishiri da ruwa, ta kuma saki wani sinadari da ake kira renin wanda ke sa hanyoyin jini su tsuke, jini ya hau. To aikin shi ne a rage wa wayar nan surutu. Ba a tsaga ciki, ta matsematsi ake zura siririn bututu a bi jijiyar jini har bakin ƙoda, daga ciki a saki zafi ko dai na igiyar rediyo ko na sautin nan irin na sikanin amma mai ƙarfi, zafin ya ratsa bango ya kashe jijiyoyin saƙon. Wajen awa guda an gama, galibi washegari mutum na gida. Ƙodar kanta ba a taɓa ta.

Tarihin abin ne ya fi ba ni mamaki wallahi. A 2009 aka fitar da sakamakon gwajin farko, likitocin Ostareliya ne a gaba, aka ga awo ya faɗi da maki ashirin da wani abu, duniyar likitocin zuciya ta ɗauki murna, Turai aka shiga yi wa mutane. Sai Amurkawa suka ce a tsaya a gwada da kyau. Suka tara mutum 535 a gwajin da ake kira Symplicity na uku, kashi biyu cikin uku aka yi musu aikin gaske, sauran kuma aka kwantar da su aka ba su maganin barci aka zura bututu aka ɗauki hoto aka fito ba a ƙona komai ba, kuma ba wanda ya san ɓangaren da yake. Da sakamako ya fito a 2014, waɗanda aka yi wa na gasken jininsu ya sauka da maki 14, waɗanda aka yi wa na bogi ya sauka da kusan 12. Ku ji fa. Wato da yawa daga cikin saukar ba daga ƙunar ba ce, ana ganin har da cewa mutum in ya san an sa masa ido sai ya koma shan maganinsa yadda ya kamata. Wannan wajen na karanta shi ya fi sau uku, ban san ma labarin gidanmu nake karantawa ba.

Ba su watsar da abin ba dai, sun gyara na'urorin sun sake gwaje-gwaje masu tsauri, aka ga e yana aiki, har a Nuwamban 2023 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'ura biyu, ta kamfanin Recor da ta Medtronic. Amma saukar da ake samu ba ta wuce maki biyar zuwa goma ba a yawancin mutane, kwatankwacin ƙarin ƙwaya ɗaya ke nan, wasu ma ba sa ganin canji. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai gudun shanyewar ɓarin jiki, amma in Inna na 175 ta dawo 167 ai ba a rabu da ƙwaya ba, kuma fili ya tafi.

Ɗan Goggo da ya zo Gombe wani ɗaurin aure ya biyo ta gida, bai ko kalli bidiyon ba, ya zauna a tabarma ya ce, "Inna, a kawo min duk maganin da ke ɗakin nan, har wanda ba na asibiti ba." Ta yi ta kwana-kwana, ƙarshe na janyo gwangwanin da take ajiya a ƙarƙashin gado. Jama'a, katin mai sa fitsarin nan guda shida cur ba a ɓalle ko ɗaya ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To ɗan nan, abu ne mai karya min alwala, ranar islamiyya ko gaisuwar rasuwa ina zan yi ta neman banɗaki a gidan mutane?" Kuma duk wanda ya san Inna ya san ranar da ba ta da islamiyya ko gaisuwa ko barka ba ta da yawa a wata. A ƙasan gwangwanin kuma ga diklofenak na kyamis da take sha kullum saboda gwiwa, wanda shi kansa yana hawar da jini yana kuma wahalar da ƙoda. Ba a zo maganar miya ba tukuna, dunƙule huɗu take murzawa a tukunya ɗaya bayan gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin yini gaba ɗaya ya kai giram 5, ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen nan yawancinsa gishiri ne.

Kunya ta kama ni sosai, don ni nake sayo maganin duk wata, ni nake raka ta asibiti, ban taɓa tsayawa na ga ta haɗiye ba.

Muka koma wajen likitanta da gwangwanin a leda. Ya mayar da mai sa fitsarin bayan sallar asuba yadda kafin azahar ya lafa, ya canza maganin gwiwa, ya tura mu gwajin ƙoda da na sinadarin fotasiyam a jini, ya ce in an yi duk wannan jinin ya ƙi to akwai tsohon magani mai araha, sifironolakton, wanda wani gwaji a Birtaniya a 2015 ya nuna ya fi sauran a matsayin magani na huɗu, sai dai shi ba a shan sa kai tsaye sai ana bibiya da gwajin jini. Muka sayi abin awo na batir, ina rubutawa safe da yamma a bayan littafin lissafin ɗana.

Yanzu wata uku ke nan. Awon safiyar yau 146 a kan 88, bai kai inda ake so ba, kuma sau biyu na kama ta ta ɓoye ƙwayar a bakin zani ranar da za su Kumo biki. Hamma har yanzu yana kan bakansa, ya ce in aka kai ƙarshen shekara bai sauka ba shi zai nemi likitan zuciya a Abuja a ji ko Inna na cikin waɗanda aikin ya dace da su, na ce masa ban ƙi ba, amma da littafina za a je. Inna kuwa da aka saka daddawa aka rage dunƙule ta ɗanɗana miyar kuka ta ture kwanon, ta ce in dai haka za a ci gaba gara a kai ta Indiyar a ƙona.